Kafin Ka Tura Barkwancin 'Yan Kodin, Ka San Wa Ake Yi Wa Dariya

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu, da wuya a ce hoton nan bai taɓa giftawa ta gabanka ba. Wani Bature ne ya ɗauki kansa hoto a gaban tambarin kamfanin CrowdStrike, ya rubuta a X cewa yau ce ranarsa ta farko a wurin aiki, ya ɗan tura wata 'yar sabuntawa a manhaja, yanzu kuma zai tafi ya huta. Ranar Juma'a ce, 19 ga Yuli, 2024, ranar da kwamfutoci suka dinga faɗuwa a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, allunan filayen jirgi suka koma shuɗi. Bayan ɗan lokaci mutumin ya dawo ya ce an kore shi, kuma ba a yi masa adalci ba.

Bari in fara da tona kaina. Ni ma na tura hoton. A guruf ɗin ajinmu na tura shi, har da rubuta "ga wanda ya jawo wa duniya masifa." Ɗalibin aikin jarida fa, wanda ake koya wa tantance labari tun aji ɗaya. Ko minti goma ba a yi ba wani abokina ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ya kira ni yana ta kyalkyala dariya, ya ce, "Malam, kai ma ka hau?" Ya ce shi ko sau ɗaya bai ɗauka gaskiya ba ne, domin wannan barkwanci ya girme mu a cikin sana'arsu.

Mutumin sunansa Vincent Flibustier, ɗan ƙasar Beljiyom, kuma shi ne mai shafin Nordpresse, inda ake rubuta labaran shaguɓe na ƙirƙira. Bai taɓa aiki a CrowdStrike ba, hoton ma haɗa shi aka yi. Daga baya ya fito a bidiyo ya yi bayanin dalilin da ya sa abin ya karɓu: a lokacin ba a ambaci mai laifi ba, mutane kuwa suna son a nuna masu mai laifi, shi kuma sai ya miƙo masu shi a faranti. Masu rubuta manhaja sun yi dariya saboda sun san ba haka ake yi ba. Mu kuma mun yi dariya saboda mun ɗauka haka aka yi. Hoto ɗaya, dariya iri biyu, kuma tamu ce ke da matsala.

Abin da wannan shafi ke son faɗa maka a yau ke nan. Barkwancin 'yan kodin ba shirme ba ne. Sau da yawa ya fi sanarwar da kamfanoni ke fitarwa gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma idan ya fito daga da'irarsu ya faɗo hannunmu, muka tura ba tare da mun gane ba, sai ya juye ya zama ƙarya, kuma ƙaryar kusan kullum tana sauka ne a kan ƙaramin ma'aikaci, ta wanke manya.

Dubi abin da ya faru na haƙiƙa. CrowdStrike kamfanin tsaron intanet ne na Amurka, yana da manhaja mai suna Falcon da bankuna, asibitoci da kamfanonin jirage ke sakawa a kwamfutocinsu don kare su daga masu kutse. Don ta iya wannan aikin, manhajar tana zaune ne a can cikin zuciyar Windows, inda duk wanda ya yi tuntuɓe sai ya kayar da na'urar gaba ɗaya. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya kamfanin ya tura wani ƙaramin fayil na sabuntawa. An tsara shi a kan zai karanta bayanai guda 21, amma 20 kawai ake ba shi. Da manhajar ta miƙa hannu neman na 21 sai ta taɓo inda ba nata ba, Windows ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Da ƙarfe 6:27 suka janye fayil ɗin. Minti 78 ke nan, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu amfani da Windows, sai dai su ne waɗanda duniya ke jingine a kansu. Tashar Sky News ta ɗauke na ɗan lokaci. Likitocin unguwa a Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya. Kamfanin jirage na Delta ya soke tashin jirage kusan 7,000 a cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 500, har ya kai ƙara kotu.

To ina ɗan koyon aiki a cikin wannan labari? Babu shi. A bayanin da kamfanin ya fitar da kansa, ya amince cewa manhajar da ke tantance irin wannan fayil kafin a tura shi ita ma tana da matsala, shi ya sa ta bar shi ya wuce. Ya kuma yi alƙawarin daga yanzu zai riƙa turawa kaɗan-kaɗan, a fara da wasu tsirarun kwamfutoci a ga yadda za ta kaya, maimakon a watsa wa kowa lokaci guda. Wato tambayar da ta dace ba "wa ya danna?" ba ce. Tambayar ita ce, ta yaya kamfani mai wannan girma ya gina tsarin da dannawa ɗaya za ta isa kwamfutoci miliyoyi babu birki a hanya? Wannan shawara ce ta shugabanni, ba ta yaron da ya fara aiki yau ba.

Kuma abin da barkwancin nasu ke nunawa ke nan tun asali. Akwai wata tsohuwar doka a tsakaninsu da suke faɗa cikin raha: kada ka kuskura ka tura sabon abu ranar Juma'a. Dalilin a fili yake. A ƙasashen da ake hutun Asabar da Lahadi, idan abin ya fashe da yammacin Juma'a, kowa ya watse, kai da ka tura kai za ka kwana a ofis. Da aka ga babbar faɗuwar nan ta faɗo daidai ranar Juma'a, ai sai suka samu abin yi. Ga kuma ɗaya tsohon zancen nasu, wanda duk mai gyaran waya a bakin kasuwa ya san shi: "ka kashe ka kunna?" Shekara da shekaru suna yi wa junansu tsiya da shi, sai ga Microsoft da kansa ya ce wasu abokan hulɗarsa sun samu lafiya bayan sun kashe sun kunna har sau 15. Wanda bai dace da haka ba, sai an bi kwamfutocinsa ɗaya bayan ɗaya an goge fayil ɗin da hannu. Ka yi tunanin ma'aikaci guda a gaban kwamfuta dubu biyu. Idan bai yi dariya ba, kuka zai yi.

Ni abin yana tuna min wasan taubasai. Bakano zai kalli Bazazzagi ya faɗa masa maganar da in baƙo ne ya faɗa sai an kai ruwa rana, amma su dariya za su yi, domin kowa ya san iyakar wasan da tushensa. Haka Fulani da Barebari. Wasan na masu shi ne. Ɗauko shi ka kai wa wanda bai san dangantakar ba, sai ya ji zagi, ko ya ɗauka tarihi ake ba shi. Da ɗan kodin ya ce "ɗan koyon aiki ne ya yi," sauran 'yan'uwansa sun san shugabannin kamfani yake yi wa shaguɓe, masu neman wanda za su laƙaba wa laifi. Mu da muke waje sai mu ji maganar tsurarta.

Kuma ba daga sama suka ƙirƙiro shaguɓen ba. A farkon 2021, lokacin da majalisar dokokin Amurka ke bincike kan kutsen da aka yi ta hanyar kamfanin SolarWinds, an tambayi shugabanninsa game da wata kalmar sirri mai rauni da aka taɓa amfani da ita, wato sunan kamfanin da 123 a ƙarshe. Suka ce kuskuren wani ɗan koyon aiki ne. Masana tsaro suka yi masu ca, suna cewa idan har ɗan koyon aiki zai iya saka irin wannan kalma ta zauna ba wanda ya lura, to an bar jaki ana dukan taiki. Daga baya shugaban kamfanin ya fito ya nuna nadamar faɗin haka.

A shekarar dai, cikin watan Yuni, HBO Max ya aika wa masu biyan kuɗin kallonsa wani saƙon gwaji na imel bisa kuskure. Kamfanin ya fito ya ce e, ɗan koyon aiki ne, da gaske, kuma suna tallafa masa. Ka san me manyan injiniyoyi suka yi? Suka shiga Twitter suna rubuta wa yaron wasiƙu, kowa na ba da labarin ɓarnar da ya taɓa tafkawa a wurin aiki: wannan ya goge rumbun bayanai, wancan ya kashe shafin kamfani. Ba wanda ya nemi sanin sunansa balle a yi masa rubdugu. Ka kwatanta da yadda muke yi a nan idan wani ya yi kuskure a bainar jama'a. Kafin la'asar an zaƙulo hotonsa, an gano unguwarsu, an fara tsine wa iyayensa.

Kada ka ce wai mu talakawan soshiyal midiya ne kawai ke hawa. 'Yan jarida ma sun hau, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya a matsayina na mai shirin shiga sana'ar. A ranar ta CrowdStrike, jiragen kamfanin Southwest sun ci gaba da tashi yayin da na wasu ke ƙasa. Sai wani ya rubuta cikin zolaya cewa ai dalili shi ne har yanzu Windows 3.1 suke amfani da shi, wanda ya fito tun 1992. Masu fasaha sun gane tsokana ce, domin an daɗe ana yi wa kamfanin gorin tsofaffin na'urori. Amma wasu kafafen labarai suka ɗauka suka buga a matsayin labari, wannan ya kwafa daga wancan, har maganar ta zauna a kan mutane da yawa. Babu wata hujja a kanta. Zolaya ce ta yi tafiya har ta samu kanun labari.

Yanzu bari mu juyo ɗaya gefen, domin ba cewa nake ka guji barkwancin nasu ba. Akasin haka ma. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma akwai maganganun da in ba ta wannan hanya ba, ba za ka taɓa jin su daga bakin wani kakakin kamfani ba.

Akwai wani zane da Randall Munroe, mai shafin xkcd, ya fitar a 2020. Ya zana tubala an jera su sama-sama kamar gini, ya ce wannan shi ne dukkan tsarin fasahar zamani. Can ƙasa akwai wani siririn tubali guda da ya tallafe ginin, ya nuna shi a matsayin wata 'yar manhaja da wani mutum a jihar Nebraska ke ta kula da ita tun 2003 ba ko na gode. Duk lokacin da wani abu ya fashe a intanet, za ka ga wannan zanen ya dawo. Me ya sa? Saboda gaskiya ne. Manyan manhajojin da kake amfani da su an gina su ne a kan ƙananan manhajoji na kyauta, waɗanda 'yan sa-kai ke rubutawa a lokacin hutunsu.

A Disambar 2021 aka gano wata ɓaraka a Log4j, wata manhaja da aikinta kawai ajiye bayanin abin da ke faruwa a cikin wata manhajar. Sai ga shi tana cikin komai, daga wasan Minecraft har zuwa manyan kamfanonin duniya. Masu kula da ita 'yan sa-kai ne ƙalilan a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Su suka hana idonsu barci suna gyara, kamfanonin da suka ci riba da aikinsu kyauta kuma suna ta matsa masu lamba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na watan Maris 2024 ya fi ban tsoro. Wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund yana gwaje-gwajensa sai ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Rabin daƙiƙa! Ni da kai da ko a jikinmu, mun saba jiran netwok. Shi kuwa ya bi diddigi har ya gano an dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutocin Linux da yawa, irin waɗanda shafukan intanet ke zaune a kansu. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita ba albashi, ya gaji, har ya taɓa rubuta cewa ƙarfinsa ya ragu. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya zo a matsayin mai taimako, ya kwashe kusan shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a zahiri har aka yarda da shi, sannan ya dasa abinsa. An kama shi kafin ya bazu. 'Yan kodin suka cika intanet da barkwancin mutumin da ya ceci duniya saboda ba ya iya haƙuri da rabin daƙiƙa, zanen tubalan nan kuma ya sake dawowa. Zane guda ya yi bayanin da dogon rahoto zai sha wahala kafin ya yi.

Za ka iya cewa, to mu ina ruwanmu, abin da ya faru a Amurka da Turai? Ka tuna yammacin 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Nawa ne a cikinmu suka zagi kamfanin layinsu, suka sake sayen data, suka cire sim suka mayar? Mai sayar da atamfa a sitatus ta rasa ciniki, mai jiran saƙon gida ya zauna zuru. Duniya ta koma Twitter tana shan dariya, mu kuwa a lokacin gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya tun watan Yuni, sai wanda ya bi ta VPN. Waɗanda suka leƙa sun tarar 'yan kodin suna maimaita tsohon zancensu cewa duk abin da ya lalace a intanet, ka bincika, DNS ne, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Facebook ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar yayin gyara ne ya yanke cibiyoyinsa daga juna, manhajar da ya kamata ta hana umarnin wucewa kuma tana da matsala, daga nan adireshin nasu ya ɓace wa duniya. Ka lura da kamannin? A nan ma birkin ne ya ƙi ci. Wanda ya gane barkwancin ya san ba laifin layinsa ba ne tun kafin sanarwa ta fito, bai ɓarnatar da kuɗin data ba.

Sannan ga wani abu da ya fi kusa da mu. Matasanmu na ta rububin koyon kodin, wasu a jami'a, wasu a YouTube, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Gobe su ne 'yan IT a bankuna, asibitoci da ma'aikatu. Wata rana ɗayansu zai danna abin da bai kamata ba, domin babu mai wannan sana'a da bai taɓa yi ba. Ranar, wace al'ada yake so ya tarar? Wadda za ta tambayi oga me ya sa aka bai wa sabon yaro makullin komai ba mai duba aikinsa, ko wadda za ta yaɗa hotonsa a guruf-guruf? Duk lokacin da muka tura irin hoton Flibustier muna cewa "ga shi nan," ta biyun muke ginawa, kuma ƙannenmu ne za su zauna a cikinta. Ni kaina IT na jirana, kuma ɗakin labarai ma ba a rasa maɓallin da in ka danna ba ya dawowa.

Ba wani dogon aiki nake nema daga gare ka ba. Idan hoton barkwanci na fasaha ya zo maka, kafin yatsanka ya kai kan turawa, shiga shafin wanda ya fara sakawa ka ga ko sana'arsa ke nan. Idan ba ka gane inda dariyar take ba, tambayi wanda ya sani, kusan kowane guruf akwai ɗan kwamfuta guda da ke jiran a tambaye shi ya baje kolin iliminsa. Idan kuma labarin ya zo da mai laifi guda ɗaya, ƙarami, mai fuskar da ta dace da zagi, to nan ne ya kamata ka fi yin shakka.

Wani zai ce dariya a kan abin da ya hana marasa lafiya ganin likita rashin tausayi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba kowane barkwanci nasu ne zan kare ba, akwai na rainin wayo, akwai na cin fuskar masu koyo. Amma mafi yawan masu dariyar ranar su ne waɗanda suka kwana suna goge fayil ɗin nan. Kuma dariyar tasu ta ciji inda ya dace. CrowdStrike ya aika wa wasu abokan hulɗarsa katin sayen abinci na Uber Eats na dala 10 a matsayin ban-haƙuri, sai ga shi wasu sun je amfani da shi ya ƙi aiki, domin Uber ya ga yawan masu shigar da shi ya ɗauka damfara ce. Tsiyar da aka yi masu a kan wannan ba a magana.

Bayan 'yan makonni, a taron masu binciken kutse na DEF CON da ake yi a Las Vegas, aka ba kamfanin kyautar da ake bai wa wanda ya fi kowa tafka abin kunya a shekara. Irin kyautar da ba kasafai masu ita ke zuwa karɓa ba. Shugaban kamfanin, Michael Sentonas, ya hau dandamali da kansa ya karɓa, ya amince sun yi kuskure babba, ya ce zai kai ta hedikwata a ajiye inda kowane ma'aikaci zai riƙa ganinta. Mutanen da suka yi makonni suna yi masa tsiya suka tafa masa.

Hoton Flibustier kuwa na goge shi daga guruf ɗin ajinmu a ranar, amma kafin nan mutum uku sun riga sun ɗora a sitatus.